Maraƙa Ba Fata

Mata masu neman itace ne suka gan ta da hantsi, a bakin kwazazzabon da ke gabas da Tudun Aduwa. Ungulu suka ja hankalinsu. Da suka matsa sai suka tarar da jar saniyar Sauda tsaye tana kuka, a gabanta ga abin da ta haifa kwance a kan yashi, an yanka an feɗe. Babu fata, babu kai, babu ƙafafu, babu wutsiya. Nama kuwa yana nan duka, ko tsoka ɗaya ba a ɗauka ba.

Abin da ya ɗaure wa mutane kai ke nan. Damina ba ta yi kyau ba, gero ya ƙone yana bununi, akwai gidajen da tun ba a gama girbi ba suka koma jiƙa anza, ƴaƴan itacen dajin nan masu ɗaci. A irin wannan shekara nama ɓarawo yake ɗauka, ba fata ba.

"Tsahi ne," in ji wata tsohuwa.

"Wane tsahi? Buzuwar can ce," in ji wani saurayi. "Ramuwa ta yi."

Maganar ta zauna a zukata nan da nan, domin tana da wurin zama. Bara bayan girbi Sadiƙu mijin Sauda ya rasu, a cikin makon kuma baƙin sansa ya ɓata, sa ɗaya tilo baƙi a duk garken garin. Lokacin ana ta jin labarin ƴan tawaye daga arewa. Tanimu, yayan mamaci, ya kai ƙara birnin Tawa cewa makiyayin gidan, Alƙasum Buzu, shi ya kora wa ƴan tawaye san. Masu kaki suka zo da mota suka tafi da shi, har yau bai dawo ba. Matarsa Hadiza na nan a bukkarta a bayan gari da ƴaƴa.

Samari suka fara zancen cinna wa bukkar wuta. Maigari ya ɗaga sanda ya ce kowa ya dakata sai gobe bayan la'asar, ya aika a kira Ciɗo.

*

Ciɗo mai bin sawu ne, ɗan siriri, mai ƙarancin magana, kullum kansa a duƙe kamar wanda ya yar da allura. Lokacin da baƙin sa ya ɓata yana ci-rani a Sakkwato, da ya dawo iska ta daɗe da share ƙasa. Abin bai daina cin ransa ba, don ya san Alƙasum, sun sha raba shayi a bakin rijiya.

Ya iso ya ga taro, ya ja tsaki.

"Kun tattake wurin awa kasuwa, sannan kun kira ni in karanta muku?"

Ya kewaye taron daga nesa, yana faɗaɗa da'ira, har ya sami inda ƙafar jama'a ba ta kai ba. Mutum ɗaya ne, namiji, da takalmin taya irin wanda kowa ke sawa. Ya ja reshen sabara a bayansa yana share sawunsa, amma cikin gaggawa. Sawun ya hau tudu ya nufi bayan gari, daidai wajen bukkar Buzaye, sannan ya shiga fako mai tsakuwa ya ɓace.

"To, ka gani?" in ji samarin da suka biyo shi.

"Na ga mutum ya share sawunshi ko'ina, sai inda ya doshi bukkar Hadiza ya manta da shara," in ji Ciɗo. "Ku koma gida."

*

Ya sami Hadiza tana saƙar tabarma a inuwar bukka. Ba ta yi masa sannu da zuwa ba. Ta miƙe ƙafafunta biyu a gabansa, ƙanana, duk kaushi.

"Sun aiko ka ka auna? Auna."

"Gaisuwa na zo yi, Hadiza."

"Tun da aka tahi da shi, wa ya zo gaisuwa?" Ta nuna tukunyar anza da aka jiƙa, da yara biyu da ke zaune kusa da ita suna kallonta. "Dube su. Da ni na yanka, ka ce ungulu za su sami ko ƙashi?"

Ciɗo ya tsuguna a bakin inuwar.

"Wagga saniya a hannun Alƙasum aka haihe ta," ta ce, muryarta ta sauka. "Ya san uwarta, ya san kakarta, jajaye duka awa garwashi. Ya kan ce ko da duhu ya taɓa bayanta ya san ita ce. Ni zan yanka ɗiyarta?"

Da ya tashi ta ce masa, ba tare da ta ɗago ba, "In za su ƙone bukka, ka ce su bari in hitar da tabarmi. Na mutane ne."

*

Haruna mahauci na zaune a rumfarsa yana korar ƙuda daga teburin da babu komai a kai.

"A'a, Ciɗo sarkin kallon ƙasa! Ni ka zo kamawa?"

"In kai ne, ka taƙaita mini tahiya."

"Ni in bar nama ga ungulu? Ka zage ni, ka zagi ubana." Ya tofar da tukar goro. "Na je na gani. Mai aikin ya san wuƙa, amma ba ɗan sana'a ba ne. Mu mukan bar hwata a ƙwauri, mu bar jela. Shi kuwa har gindin wutsiya ya ƙwaƙule, awa wanda gashi ya yi wa laihi. Kuma mi zai yi da hwatar jinjiri? Ko majemi bai karɓarta, ruɓewa take."

"To don mi a ɗauke ta?"

"Ni na sani? Garin ga ya lalace, tun da aka kawo dimokuraɗiyya kowa mahauci ne. Ka tuna taron jam'iyyar su Tanimu kahin zaɓe? Au, ba ka nan. Sa guda aka ci a garin ga. Aka kira ni yanka? Ko kusa. Sai ga nama a amalanke, an heɗe shi tas, ba kai ba ƙahwa, wai daga Tawa manya suka aiko. Ni dai na ce, naman Tawa da ya zo da ɗuminshi, lallai motar ta yi gudu."

Ya yi dariya shi kaɗai. Ciɗo ya dube shi.

"Hwatar wancan san, wa ya gan ta?"

"Wa ke tambayar hwata bakinshi cike da nama?"

*

A gidan Sauda ya tarar da Tanimu zaune a zaure yana karɓar jaje. Mutum ne mai jiki, mai fara'a, shi ne shugaban jam'iyya a garin, shi ke shiga ofisoshi a Tawa ya fito wa mutane da buhunan taimako. Sauda na tsaye daga cikin ƙofa, idanunta sun kumbura.

"Da asuba ta tsinke igiya," ta ce. "Na san haihuwa ce za ta, haka take yi, ba ta son idon mutane. Na ce bari in gama dama wa yara in bi ta. Ko ganin ɗiyar ban yi ba." Ta goge hanci da bakin zane. "Yanzu ga nono ya cika, ta ƙi saki. Irinsu ba su ba da nono sai sun ga ɗansu. Da shi nike jiran in raya marayun ga."

"Ki yi haƙuri, Sauda, ina raye ba ku tagayyara," in ji Tanimu. Ya juyo ga Ciɗo. "Abin da ya hi ƙona mini rai, wahalar da na sha kan saniyar ga. Tun ranar da yarinyar ga ta shiga takaba har ta hita, saniya na lambuna na albasa, can ƙasan kwari. Ni ke ba ta, ni ke shayar da ita."

"Ba ta bin garke lokacin?"

"Garke? Bayan abin da Buzu ya yi muna? Ko ƙohwar lambu ba ta leƙa ba. Tambayi kowa. Da ta nemi sa, ni na jawo mata jan bajimin maigari har ciki."

"Allah shi saka, Yaya," in ji Sauda.

"Lambun naka ai bai da nisa da inda ta haihu," in ji Ciɗo.

"Ta san wurin, shi ya sa. Da na hita da sassahe da na tare abin. Allah bai nuhwa ba."

Ciɗo ya kalli takalman da ke bakin zaure. Duk na taya ne.

*

Washegari da safe ya koma kwazazzabo shi kaɗai. Ya daina tambayar kansa wa ya yi, ya koma tambayar me ke jikin fatar da har mutum zai bar nama a shekarar yunwa don ya ɓoye shi. Jaririyar maraƙa ba ta da tambarin wuta, ba a tsaga mata kunne ba. Abin da ta zo da shi daga ciki kawai take da shi.

Jiya kowa inda aka yi yanka ya taru, har da shi. Amma saniya ba ta haihuwa a fili a kan yashi. Ya bi sawunta baya baya, ya hau gefen kwari, har gindin wata sabara inda ciyawa ta kwanta, ƙasa ta yi dabbare da ruwan haihuwa ya bushe. Nan maraƙar ta faɗo. Daga nan aka ɗauke ta aka sauka da ita.

Wurin cike yake da ƙarangiya. Ciɗo ya durƙusa yana ɗaga ciyawa da tsinke. Ƙarangiya ba ta barin abin da ya kwanta a kanta ya tashi haka nan. Ga gashin uwar nan, ja, kauri. Ga wani kuma a kan ƙayoyin da aka danne, gajere, mai laushi, ya manne da yauƙin haihuwa.

Baƙi ne wuluk kamar gawayi.

Ya zauna a ƙasa ya daɗe. Ya tuna ranar da ya dawo daga ci-rani, yadda ƴaƴansa suka yi ta ba shi labarin romon da suka sha ranar taro, ƙaramar tana nuna masa da hannu girman tsokar da ta samu. Ya tsinke ƙarangiyar a hankali ya ƙunshe a bakin rawaninsa.

*

Bayan la'asar gari ya taru a gindin gawo. Aka zo da Hadiza aka zaunar gefe, Haruna na tsaye da hannu a ƙugu, Sauda cikin mata, Tanimu kusa da maigari. Ciɗo ya ce a jawo jar saniya a ɗaure nan kusa. Sannan ya kwance rawani ya zuba ƙarangiyar a tafin hannun maigari.

"Ranka shi daɗe, wane launi ne wanga?"

Maigari ya kai kusa da ido. "Baƙi."

"Inda maraƙar ta hwaɗo na ɗebo shi." Ya juya ga wani dattijo da ya tsufa a bayan shanu. "Baba, baƙin sa da baƙar saniya suna haihuwar ja?"

"Suna yi," in ji tsoho. "Ja na ɓoyewa cikin baƙi. Sai ya tsallake ɗa ya hito ga jika, ka rasa inda ya taho."

"To jan sa da jar saniya, suna haihuwar baƙi?"

"A'a. Baƙi bai ɓoyewa. In shina jikin dabba, a bayanta za ka gan shi. Ja da ja, ja ne, ko mai haske ko mai duhu. Baƙi wuluk kam, sai uwa ko uba ɗaya na da shi."

Babu wanda ya yi gardama. Kowane yaro a ƙasar Adar da ya taɓa bin shanu ya san wannan.

Tanimu ya yi dariya. "Gashin akuya ya tsinto muna. Awaki nawa ke kwana a kwarin can?"

Ciɗo ya kama hannun maigari ya miƙa shi ga hancin saniya. Ta shinshina. Sai ta yi wani ƙaramin kuka daga cikin maƙogwaro, irin wanda saniya ke yi wa ɗanta kaɗai, ta fara lasar hannun duk da ƙaya. Nono ya ɗigo daga hantsarta a kan ƙasa.

Wata mata ta ce, "Wayyo Allah."

"Baƙin sa ɗaya garin ga ya taɓa yi," in ji Ciɗo. "An ce ya tahi arewa kusan shekara ke nan. Saniya ba ta ɗaukar ciki shekara. Lokacin da wagga ta ɗauki ciki, Alƙasum ya daɗe a kaso, ita kuwa tana cikin lambu, ko ƙohwa ba ta leƙa ba. Ba ni na ce ba, mai lambu ya ce."

Maigari ya dubi Tanimu. "Bajimina, ka ce za ka zo ka ja shi. Ban tuna ka zo ba."

Sauda ta fito daga cikin mata. Ba a taɓa jin muryarta a taro ba.

"Yaya," ta ce, "san marayu ne. Ina takaba kana zuwa kana yi mini wa'azin haƙuri, ashe shina ɗaure a lambunka?"

Tanimu ya tashi ya kakkaɓe riga. Fara'ar ta tafi, amma babu kunya a fuskarsa.

"To, na ji. Ni kaɗai na ci? Wanda bai sa hannu a akushi ba ranar taro shi tashi in gan shi. Kai Haruna, cinya ka kai gida. Da wanga sa na sa manya suka san akwai gari nan. Tun daga ranan buhu nawa ya shigo? Wani mako ana rabon hatsi a Tawa. In kun miƙa ni, sai ku tura Ciɗo shi bi sawun buhunan."

Samarin da suka zo da ashana a aljihu suka sunkuyar da kai. Ciɗo ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ya ga kowa ƙasa yake kallo, kamar duk garin sun koma masu bin sawu.

Maigari ya goge hannunsa a riga. Ya ce abin gida a gida ake gyara shi. Tanimu zai ba Sauda karsana. Hadiza ta zauna lafiya, kada wanda ya taɓa ta. Ciɗo kuma ya tafi Tawa ya shaida cewa ba Buzu ya ɗauki sa ba.

"Amma kada ka kama sunan kowa," ya ƙara a hankali. "Yara na jin yunwa, Ciɗo."

*

Ya shiga motar kasuwa daga Barmu. A Tawa ya yini a kan benci a ofishin masu kaki kafin wani mai kaki ya saurare shi. Mutumin bai yi masa tsawa ba, har ruwa ya sa aka ba shi.

"Sa? Ai ba zancen sa ne ke riƙe da shi ba, tsoho. Da sata ce da tuni an yi shari'a. An ce ƴan tawaye ya kai wa, maganar ta zama ta tsaron ƙasa. Kai ka ce ba shi ya ɗauka ba. To wa ya ɗauka?"

Ciɗo ya buɗe baki. Ya tuna tukunyar anza, ba ta gidan Hadiza kaɗai ba, har ta gidansa.

"An dai gano ba shi ba ne."

"Ka gani? Wanda ya kawo ƙara babban mutum ne, an san shi. Shi zo da kanshi shi janye, ko ka kawo suna da shaidu. Garinku za su zo su tsaya?"

Ciɗo ya kau da kai. Mai kaki ya gane, ya ce a bar shi ya ga mutumin.

Da aka fito da Alƙasum bakin ƙofar ƙarfe, Ciɗo bai shaida shi ba da farko. An raba shi da rawani, fuskarsa a buɗe, shi da ko abinci ba ya ci a gaban mutane sai ta ƙarƙashin amawali. Yana ta kai hannu yana rufe bakinsa.

Ya tambayi Hadiza, ya tambayi yara, ya tambayi ko rijiya ta yi ruwa bana. Sannan ya ce, "Jar saniya hwa? Ta haihu?"

"Ta haihu."

"Mi ta samu?"

"Mace. Baƙa."

Alƙasum ya tsaya. Ciɗo na ganin yana lissafin watanni a ransa. Hannun ya sauka daga bakinsa a hankali, idanunsa suka kawo haske.

"Baƙa," ya ce. "Ashe kun sani."

"Mun sani."

"Maigari ya sani? Liman? Duka gari?"

"Duka."

"Alhamdu lillahi." Ya kama ƙarfen ƙofa da hannu biyu, ya leƙa bayan Ciɗo, dama da hagu, yana neman sauran. "To ina suke? Waje suka tsaya?"

Ciɗo ya dubi ƙasa. Daɓen siminti ne, babu abin karantawa a kai.

"Ni kaɗai na zo," ya ce.